Faci, Dala Arba'in

Ni ke riƙe da littafin ƙungiya.
Bangonsa shuɗi, gefensa ya sha mai,
don a ɗakin girki nake lissafi
bayan isha'i, in yara sun kwanta.

Shafi na tara: Nomau ɗan Arzika,
unguwar Bilbis, shekara goma sha ɗaya.
Gaban sunansa na rubuta: keke mai ƙafa uku, na tuƙin hannu.
Ƙarƙashinsa fili fetal.

Filin nan muka yi wata bakwai muna cikewa.
Tsahara mai ƙosai ta kunto dala ɗari daga haɓar zanenta.
Agali direba ya aje jikka biyu, ko zama bai yi ba.
'Yan ci-raninmu na Abijan suka aiko ta waya,
aka cire ladan aike, na rubuta abin da ya iso.
Makafin Garkawa, su da muka saya wa sanduna bara,
suka haɗo nasu cikin gwangwanin tumatir.
Na ce su bari. Babbansu ya ce,
"Barira, ma'aji muka naɗa ki ko mai gadin ƙofar lada?"
Na yi shiru, na ƙirga.

Akwai watan da ko dala ba ta shigo ba.
A watan ne batirin na'urar kunnen Hasiya ya mutu.
A taɓa kuɗin keke, kar a taɓa,
muka yi ta cacar baki gindin bedi har magariba,
ita kuwa tana zaune tana karanta leɓunanmu,
babu kalmar da ta wuce ta.
Aka taɓa.

Sahabi mai walda, da shan-inna ta kama tun yana goye,
yana jan jiki tsakanin ƙarafansa kamar uba cikin 'ya'ya.
Tun da rani ya auna Nomau da igiya:
ƙugu zuwa gwiwa, ƙulli,
kafaɗa zuwa tafin hannu, ƙulli.
Ya rataye ta a ƙusa.
Ranar da kuɗi suka cika aka goyo yaro,
igiya ta gaza.
Mu muna tara dala, shi yana tara tsawo.
Sahabi ya ƙyalƙyale da dariya, ya yanke, ya ƙara taƙi guda,
ya tsoma ƙarfen a ruwa, ƙarfe ya ce cuu.

Tayoyi daga tsohon keken wani malamin lakwal,
sarƙa daga kasuwar Lahadi,
kujerar katako da soso.
Fenti kore, don shi ya rage a gwangwani.

Mun gama shiri: Litinin zai tafi lakwal,
mu raka shi, a ɗauki hoto a aika Abijan.
Asabar da hantsi uwarsa ta faɗo gidana ba sallama.
Ba yaro, ba keke.

Muka bi sawun taya uku cikin rairayi,
ya ratsa bayan asibiti, ya ɓace kan kwalta.
Sai la'asar sakaliya muka same shi
a filin ƙwallon bakin tafki, yana tsaron gida,
keke a gicciye tsakanin duwatsu biyu.
Tafin hannunsa duk bororo,
ƙaya ta huda tayar hagu,
yana rantsuwa ƙwallon nan bai shiga ba.
Ko kallonmu bai yi ba.

Uwar ta buɗe baki za ta yi faɗa,
sai ta zauna a ƙasa, ta ja mayafi kan fuska.
"Shekara goma sha ɗaya," in ji ta,
"yau na fara cigiyar inda ya tafi."

Da dare na buɗe shafi na tara.
Biro ya ƙi, na hura masa numfashi,
na rubuta: faci, dala arba'in.
Na bar layi biyar a ƙasa,
don na san ƙayar Tawa,
yaron ma na fara saninsa.

Sannan na lashi yatsa, na juya.
Shafi na goma: Uwani, daga Kalfu, ƙafar roba, ta dama.
Ƙarƙashinta fili fetal.